Gwanjon Dare a Madunka

Da la'asar na ɗora hoton jakar,
Jar fata ce, ta akuyar ƙasarmu,
Na rubuta: gwanjo, a rufe ƙarfe tara,
Wanda ya fi taya ya ɗauka, ban ƙara kalma ba.

Kwana goma sha ɗaya ina kanta,
Basilla ta huda mini yatsa sau uku,
Karan dafi ya rina farcena,
Har yau sabulu bai fitar da shi ba.

Bayan isha'i waya ta ɗau zafi,
Sha biyu, sha biyar, sha takwas, ashirin,
Sai wani Yarima Ɗan Gata ya ce talatin,
Na ture kwanon tuwo, ban ƙarasa ba.

Tara ta cika, na ce ta zama taka.
Shiru. Na kira, a kashe. Na sake, a kashe.
Hotonsa kawai ke kallona, ya jingina
Da wata mota da na rantse ba tasa ba.

Kwana uku ya ɓullo da sallama,
Wai yaronsa ne ya taɓa wayar.
Yaro mai hankali! Ya rubuta talatin,
Ya ƙara da in sha Allahu, ko harafi bai ɓata ba.

Na koma ga mai ashirin, Malam Sahabi,
Nan take ya turo hoton rasit.
Na taka har Shagon Goro wurin mai cire kuɗi,
Muka duba, muka sake dubawa,
Ko sisi bai shigo ba.

Ya ce sabis ne, in ba direba jakar tukuna,
Yana Tashar Illela, mota ta kusa cika.
Na ce kuɗi su fara hawa motar.
Ya ce zai ɓata sunana a zauren,
Ni da ko fuskarsa ban sani ba.

Hajiya Luba ta Arkilla ce mai sha takwas.
Ta karɓa, ta kwana biyu da ita, ta dawo:
A hoto ta fi ja, wannan ta yi duhu,
In rage biyar, in biya mai kabu-kabu.
Na buɗe jakar, ga ƙanshin turare, ga alewar biki,
Ta ce ita ko rataya ta ba ta yi ba.

Baba na gefe bisa buzu, yana feƙe wuƙa.
Ya ce, "Mu mai taya gabanmu yake tsaye,
Kana kallon idonai, ka san gidan ubanai,
In ya taya ya gudu, kun haɗu masallaci.
Kunya ce jinginarmu.
Wannan gilashin naka bai san ta ba."

Na ce Baba, gilashin ya kai ni Fatakwal,
Ya kai takalmanka har Agadas.
Ya ce, "To, ka sa mishi ƙofa."
Na rubuta: kafin alƙalami, sannan a taya,
Rabin zauren suka watse, ban bi su ba.

Ran Alhamis ga wata malama daga Mabera,
Inno sunanta, alli a hannun rigarta,
Ita ce mai sha biyar da kowa ya tsallake.
Ta shinshina fatar, ta bi ɗinkin da yatsa,
Ta ƙirga kuɗi a tafin hannuna,
Ta ce, "Wa ya koya maka?" Na nuna Baba.
Rabin talatin ne, amma ban ce albarka ba.

Da dare ina yanka sabuwar fata,
Waya ta yi haske a kan tabarma.
Yarima ne: ko akwai sauran irin jakar nan?
Na kifa ta, na ɗauki basilla,
Har yanzu ban amsa ba.